Koyon Baƙon Harshe da Waƙa: Waƙa Ɗaya a Mako, Minti Ashirin a Rana

A Tawa ba a rasa wanda zai rera maka waƙar fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe bai tsallake gaɓa ɗaya ba, amma in ka ce ya tambayi kuɗin ruwan sha da Indiyanci sai ya tsaya yana kallonka. Duk mai son koyon harshe da waƙa ya fara riƙe wannan. Waƙa tana shiga kai ba wuya, tana buɗe kunne, tana sake harshe, sai dai ba ta komawa magana da kanta. Mai koyo ne zai ciro jimlolin daga cikin karin ya shigar da su hira, kuma akwai hanyar yin haka.

Bukatar kuwa a fili take. A Nijar ɗalibi yana fara Ingilishi da shigarsa koleji, bayan Faransancin da ya taso da shi tun firamare. Mai tafiya bida Abijan yana son Faransancin da zai yi ciniki da shi, mai nufin Libiya ko Aljeriya yana son Larabci, mai sarin kaya a Legas ko Akara yana son Ingilishi. Ko a 2025 da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, an bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Hanyar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nahawun Larabci da ake karantawa a zaure, Alfiyyar Ibn Malik, baiti ne kimanin dubu da aka tsara a ƙarni na 13 don haddar ƙa'idoji ta yi sauƙi. Nana Asma'u da waƙa ta riƙa isar da karatu ga matan karkara ta hannun jajis, wato malamai mata da ta horar suna zagaya ƙauyuka. Amma a lura da yadda malamin zaure yake yi: ba ya barin almajiri da rerawa kawai, sai ya fassara masa kalma bayan kalma, ya warware, ya sa shi bita. Binciken zamani ma ya zo da abu makamancin haka. A jami'ar Edinbara, Karen Ludke da abokan aikinta sun raba manya 60 gida uku, suka koya musu gajerun jimlolin harshen Hangari na minti 15: wasu suna maimaitawa da magana, wasu da magana mai kari, wasu da rerawa. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna masu rerawa sun fi sauran iya furta jimlolin daga ka. Abin lura shi ne ba saurare kawai suka yi ba, suna ji suna maimaitawa da bakinsu.

Zaɓen waƙa

Yawancin masu karaya tun nan suke ɓata aikin, domin sukan ɗauko waƙar da ke tashe a fada, wato majalisar hira da shayi ta samari. A nemi wadda ba ta wuce minti uku ko uku da rabi ba, murya ɗaya ce ke jan baiti, kiɗa bai danne ta ba, kuma tana da amshi da ke dawowa aƙalla sau uku. Don gane saurinta, ka buga ƙafa tare da kiɗan na daƙiƙa 15, ka ƙirga, ka ninka sau huɗu. In ya faɗa tsakanin 60 da 90, ta yi wa mai farawa. Wani mai bincike, Tim Murphey, da ya nazarci waƙoƙin Ingilishi 50 na zamani, ya tarar saurin kalmominsu kusan rabin na hirar yau da kullum ne, ga yawan maimaici. Wannan ne ribar waƙa ga ɗan koyo, kuma ita ce ake rasawa in an fara da rap.

Sai a duba rubutun waƙar sama-sama. In a ɗango mai kalma takwas akwai fiye da biyu da ba ka sani ba, kuma haka abin yake har ƙasa, ajiye ta zuwa bayan wata uku. Wanda bai san komai ba tukuna ya fara da waƙoƙin yara na ƙirga, ranakun mako, sassan jiki da gaisuwa. Babba kan ji kunyar wannan, amma ba dole ne ya yi a bainar jama'a ba.

Abu na uku shi ya fi ruɗar mutane: wane irin harshe ne a cikin waƙar? Yawancin waƙoƙin Abijan cike suke da nushi, yaren titi da ya gauraya Faransanci da Jula da wasu harsuna. Waƙoƙin Legas da yawa Buroka ne da Yarbanci. Rap ɗin Faransa yana juya gaɓoɓin kalma baya ta koma gaba. A Larabci, mawaƙin Alƙahira yana furta jim kamar "g", ya haɗiye ƙaf, na Libiya kuwa ƙaf ɗin yake mayarwa "g", salon waƙar Aljeriya da ake kira "rai" kuma yana cakuɗa Faransanci. Babu laifi a ko ɗaya, in can za ka. Mai zuwa aiki Abijan zai amfana da jin yadda ake magana a titinta. Amma mai shirin jarrabawar BEPC ko Bak ya nemi waƙa mai daidaitaccen harshe, mai son Larabcin littafi kuma ya nufi ƙasidu da anashid. Wannan ya warware matsalar gidajen da ba a yarda da kayan kiɗa ba: abin da ke aiki a nan shi ne kari da maimaici, kuma waƙa zalla da tafi tana da su duka. Iyaye da malamai su karanta ma'anar waƙa kafin su miƙa wa yaro, domin sau da yawa daɗin murya yana lulluɓe batsa.

Kayan aiki ba su da yawa: salula, abin sa wa kunne, kaye guda da aka keɓe wa wannan aiki kaɗai, bik biyu masu launi daban, da ƙamus na takarda ko wanda ke aiki a waya ba intanet. A sauke waƙar a matsayin murya, ba bidiyo ba. Waƙar minti uku ba ta cika wuce mega uku ba, bidiyo kuwa yana cin kuɗi, yana kuma janye ido daga aikin kunne. A nemi manhajar da ke rage sauri. YouTube da VLC duk suna yi. A tsaya a 0.75, wato kashi uku cikin huɗu na saurin waƙar na asali. In aka sauka zuwa rabi, wasula suna miƙewa su lalace, sai ka koyi furucin da babu mai yin sa.

Yadda makon zai tafi

Ranar farko kunne kaɗai ke aiki. Ka saurari waƙar sau uku ba ka duba rubutu ba. Na farko don ka ji daɗinta, na biyu ka gane wa ke magana da wa, murna ce ko kuka, na uku ka rubuta duk kalmar da ka kama ko da guda biyar ce. Dalilin ɓoye rubutun shi ne da zarar ido ya ga kalma, kunne yakan daina ƙoƙari, ya riƙa jin abin da ido ya gaya masa.

Rana ta biyu dikte. Ɗauki amshi da baiti ɗaya kawai. Kunna ɗango, tsayar, rubuta abin da ka ji, ka bar layi ɗaya fanko a ƙasan kowane ɗango. Kada ka wuce sau biyar a kan ɗango ɗaya. Abin da bai fito a na biyar ba, ba zai fito a na ashirin ba, ja layi ka wuce. Sannan ka buɗe rubutun waƙar ka gyara da ɗaya bik ɗin a layin da ka bari. Kurakuran nan su ne darasinka na gaske, don haka a rarrabe su. Akwai kalmar da ba ka taɓa sani ba, wannan aikin ƙamus ne. Akwai wadda ka sani a rubuce amma ba ka gane ta a baki ba, kamar yadda "les amis" ke fitowa "lezami", ko "want to" ta dunƙule ta zama "wanna". Ita ce ta fi muhimmanci, a zagaye ta. Akwai kuma wadda ka ji daidai ka rubuta ba daidai ba: parlé, parler da parlez duk sauti ɗaya ne, nahawu ne kaɗai ke raba su. A kula, rubutun waƙoƙi da ke intanet masoya ne ke rubuta yawancinsa, kuma suna kuskure. In wuri ya ƙi ma'ana, a gwada shi da wani shafin ko a tambayi malami.

Rana ta uku ma'ana. Fassara ɗango-ɗango zuwa Hausa da bakinka, ba da manhajar fassara ta zuba maka waƙar gaba ɗaya ba, domin takan tafka kuskure a salon magana. Daga ciki zaɓi guntayen magana takwas zuwa goma, kar su wuce haka. Guntun magana ake ɗauka, ba kalma tilo ba: aikatau tare da ɗan harafin da ke bin sa, suna tare da le ko la ɗinsa. Wanda ya haddace sunan Faransanci ba jinsinsa zai sake aikin daga baya, kuma jinsin Hausa ba ya taimako: rana mace ce a wurinmu, soleil namiji ne, wata namiji ne, lune mace.

Rana ta huɗu da ta biyar na baki ne, kuma nan waƙa take yin abin da littafi ba ya iyawa.

Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani, har bread ta zama burodi. A hira babu mai tsayar da kai in ka ce "sitirit" a maimakon street, ko "firanse" a maimakon français. Waƙa kuwa ba ta yarda. Mawaƙi ya ba kalmar bugu ɗaya, kai ka zo da gaɓa uku, sai ka ga ya bar ka a baya. Duk inda ka makara a ɗango, tsaya ka ƙirga gaɓoɓinka da nasa. Sau da yawa za ka tarar wasalin da ka ƙara ne. Gyaransa: ja "sss" ka tsawaita, sannan ka faɗa kan "trit" ba ka buɗe baki a tsakani ba, ka riƙa gajarta "s" ɗin har ta daidaita.

Sai p da f da v. A Adar ma abin ya fi fitowa, tunda mu "hwaɗa" da "tahi" muke cewa. A Faransanci pain, faim da vin, wato burodi, yunwa da giya, baƙin farko kaɗai ya raba su. Buɗe kyamarar gaba ta salula ka kalli bakinka. A p leɓɓa biyu suna haɗuwa gam su fashe. A f haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa, iska ta wuce. V wuri ɗaya take da f, sai dai in ka ɗora yatsa a maƙogwaro za ka ji yana rawa. Wasalin u na Faransanci, na tu da rue, ka ce "i" ka riƙe harshe a nan, ka tsuke leɓe kamar mai shirin fito. Waƙa mai jinkiri tana jan wasali, sai ka samu lokacin gyara bakinka a kansa.

Ingilishi yana da tasa rigimar, ta nauyin gaɓa. A jimla kamar "I want to go to the market", wurare uku ne masu nauyi: want, go da mar. Sauran ana matse su a tsakani. Tafa hannu a kan masu nauyin kaɗai, ka cusa ragowar kafin tafi na gaba. Wanda ya fara da Faransanci yakan kai nauyin ƙarshen kalma, shi ya sa Ingilishinsa ke wa mai saurare wuyar kamawa ko da kalmomin daidai ne.

Tsarin aikin baki shi ne: karanta ɗangon da magana, a hankali, sau uku. Faɗe shi da tafi. Sannan rera tare da mawaƙi a 0.75 sau biyar, a cikakken sauri sau biyar. Dogon ɗango a fara shi daga wutsiya: kalma biyun ƙarshe, sai a ƙaro ta gabansu, a haka har a iso farko, domin ƙarshen jimla ne yakan zube in numfashi da hankali sun gaji. Daga nan kashe waƙar, ɗauki muryarka a salula, ka saurara kusa da ta mawaƙin. Mutum ba ya jin kuskurensa yayin da yake magana, sai ya ji shi daga waje. A gyara sauti ɗaya a rana, ba biyar ba. Kuma a yi da murya a fili. Motsa leɓe a zuci ba ya horar da harshe.

Rana ta shida ita ce ke raba ka da mai rera waƙar Indiya. Ɗauki guntayen nan takwas ko goma, ka tuɓe musu kari, ka canza musu kaya. A ce ɗangon ya zo da "je voudrais partir demain", wato ina son in tafi gobe. Riƙe "je voudrais", ka sauya sauran da abin da ya shafe ka: sayen buhun hatsi, ganin likita, tikitin motar Yamai. Kowane guntu a yi masa jimla biyar, a mayar da ɗaya tambaya, ɗaya korewa, ɗaya a kai ta jiya. Sai a faɗe su ga mutum mai rai: abokin karatu, malami, ɗan'uwa da ke Abijan ta saƙon murya a WhatsApp. Jimlar da ba ta taɓa fita daga waƙa ba, in bukata ta zo sai ka rero baitin tun daga farko kafin ka iso gare ta, mai saurare kuwa ya riga ya tafi.

Rana ta bakwai tilawa. Rera waƙar ba rubutu ba kiɗa, rubuta amshi daga ka, sannan ka koma kan na makonnin baya. Kowace waƙa a waiwaye ta bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, bayan wata. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, domin mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko. Da safe bayan asuba kai ya fi sakewa, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. A yi cajin waya tun dare.

Inda waƙa ke yaudara

Mawaƙi bawan kari ne, in nahawu ya tare masa hanya sai ya taka shi. A Ingilishi za ka ji "she don't" da "ain't", a Faransanci a yar da "ne" na korewa, "je suis" ta koma "shui". Ana faɗar su a titi, amma a takardar jarrabawa jan bik ne. A kaye, a rubuta daidaitacciyar siga kusa da kowace. Tsofaffin waƙoƙin Faransa kuma suna rera "e" ɗin da ba a furtawa a magana, sai vie ta zama gaɓa biyu. Wanda ya kwashe haka ya kai hira zai ba mutane dariya. A ƙasidar Larabci ana jan wasalin ƙarshen baiti don amsa-amo, ba don haka kalmar take ba. Sannan hawa da saukar muryar tambaya ko mamaki duk suna ɓacewa cikin karin waƙa. Saboda haka a haɗa da minti biyar na magana zalla, kamar labaran rediyo, don kunne ya san yadda harshen yake in ba a rera shi.

Wani kuskuren shi ne barin waƙa tana ta kaɗawa a shago ko kan kabu-kabu a ce ana koyo. Yana da amfani ga waƙar da aka riga aka yi wa aiki, bita ce. Ga sabuwa kuwa hayaniya ce mai daɗi. Haka tara waƙa ɗari biyu a katin memwar: guda huɗu a wata da aka tatse sun fi su.

A aji, a fada, a gida

Malamin da ke da aji mai cunkoso ya ware wa waƙa minti 20 zuwa 25 cikin awarsa, ba duka ba. Ya rubuta baiti ɗaya da amshi a allo kafin yara su shigo, da gurabe goma zuwa goma sha biyu na kalmomin da ya cire don yara su cike in suna saurare, kada biyu su haɗu a ɗango ɗaya, domin kafin yaro ya rubuta na farko na biyun ya wuce. Guraben su bi darasin makon: in ana kan shuɗaɗɗen lokaci, aikatau ake cirewa. Ƙaramar lasifika a ɗora ta a tsakiyar aji sama da kawunan yara, a rage ƙarar ganga in tana da wurin ragewa, domin rufin kwano yana ƙara rugugi ya haɗiye baƙaƙe. In ba lasifika, muryar malami da tafin yara sun isa. A raba aji biyu, ɓangare ya ja baiti ɓangare ya amsa, yadda ƴan mata ke yi a gaɗa. Mai kunya yakan buɗe baki cikin taro. Minti biyar na ƙarshe a rufe waƙa, kowane benci ya ƙirƙiro jimla biyu da guntun da aka koya.

Ana iya ɗora jimlolin darasi a kan karin waƙar gaɗa da yara suka sani, kuma yana kamawa da sauri. Sharaɗi ɗaya: a Ingilishi gaɓa mai nauyi ta faɗa kan bugu mai ƙarfi. In ba ta faɗa ba a canza jimlar, kar a lanƙwasa kalmar, in ba haka ba aji guda zai haddace furucin da sai an sha wuya kafin a kankare shi.

A fada, mutum huɗu zuwa shida sun isa, kuma zaman shayi ya riga ya raba lokacin: dikte a kofin farko, gyara da ma'ana a na biyu, jimloli a na uku. Kowane mako mutum ɗaya ke kawo waƙa da rubutunta da ya tantance. Ƙananan yara ƴan ƙasa da shekara bakwai ba a sa su rubutu; minti biyar zuwa goma na waƙa mai motsi, a taɓa kai in an ambaci kai, a yi tsalle in an ce tsalle, sai uwa ko yaya ta riƙa jefa kalmar a wajen wanka da cin abinci.

A ƙarshen kowane wata a auna. Ɗauki muryarka kana magana ta minti ɗaya a kan aikinka ko gidanku, ba shiri, ba rerawa. Waƙa huɗu sun ba ka guntaye talatin zuwa arba'in. Saurara ka ƙirga nawa suka fito da kansu. In ba su kai biyar ba, rage zuwa waƙa ɗaya a mako biyu, ka ninka aikin rana ta shida. In sun wuce goma, ɗauko waƙa mai ɗan ƙarin sauri, ka yi diktenta a cikakken gudu, ka ajiye muryar wannan watan don gwadawa da ta wata mai zuwa.